Jinkirin Ƙaruwar Nauyin Jariri da Matakan Girmansa: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Gabatarwa

A ƙauyukanmu na arewacin Jihar Kano, daga Bichi da Bagwai zuwa Tsanyawa, Kunchi, Makoɗa da Ɗambatta, mace takan fara gane ɗanta ba ya ƙaruwa ne daga goyo. Wata ya wuce, wani ya biyo, bayanta bai ji an ƙara masa kaya ba. Sai ta fara duba 'ya'yan maƙwabta waɗanda aka yi sunansu lokaci ɗaya da nata, ta ga wannan ya zauna, wancan yana rarrafe, nata kuwa har yanzu sai an tokare shi da tsumma. Daga nan shawarwari sukan yi yawa. Wani ya ce haƙori ne, wata ta ce nonon ne ba shi da kyau, wani kuma ya ce akwai hannun mutum a ciki.

'Yan'uwa, mun shirya wannan bayani domin iyaye, kakanni, shugabannin Zumuntar Mata da duk mai ziyarar gidaje su san abin da ake nufi da jinkirin ƙaruwar nauyi, abin da yake kawo shi, da yadda ya shafi zama, rarrafe, tafiya da maganar yaro. Bayanin ba zai maye gurbin ma'aikacin lafiya ba. Manufarsa ita ce mu san lokacin da za mu kwantar da hankali, da lokacin da za mu ɗauki yaro mu kama hanya.

Yadda nauyin lafiyayyen jariri yake tafiya

Yawancin jarirai ana haihuwarsu da nauyin kilo 3 ko sama kaɗan. Wanda bai kai kilo 2.5 ba, shi ake kira mai ƙarancin nauyin haihuwa, kuma yana bukatar kulawa ta musamman. A kwanakin farko kowane jariri yakan ɗan ragu, wani har kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Wannan ba abin tsoro ba ne, muddin ya koma nauyin haihuwarsa kafin ya cika mako 2.

Daga nan sai hawa. A watanni 3 na farko jariri yakan ƙara giram 150 zuwa 200 a mako. Idan ƙarin bai kai rabin kilo a wata ba, akwai abin dubawa. Wajen wata 5 yakan ninka nauyin haihuwarsa, idan ya shekara kuma yakan ninka shi sau 3. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, matsakaicin nauyin yaro namiji a wata 6 kilo 7.9 ne, mace 7.3. A shekara 1, namiji 9.6, mace 8.9. A shekara 2, namiji 12.2, mace 11.5.

Mu lura, waɗannan lambobi na tsakiya ne. Lafiyayyun yara da yawa suna sama da su, da yawa kuma suna ƙasa. Wani zai ce ai wannan ma'aunin 'ya'yan Turawa ne. Ba haka ba ne. Hukumar ta fitar da shi a 2006 bayan ta auna yara fiye da 8,000 tsakanin 1997 da 2003 a ƙasashe shida: Gana, Indiya, Oman, Birazil, Norwe da Amurka. Abin da aka gano shi ne, idan yara sun sha nono, sun sami abinci da tsabta da magani, girmansu a shekarun farko kusan iri ɗaya ne ko'ina a duniya. Ɗan Akara da ɗan Oslo hanya ɗaya suka bi. Saboda haka kada mu yi saurin cewa ƙanƙantar yaro gado ce.

Katin awo

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kan jariri, idon wanda yake tare da shi kullum yakan ruɗe shi, domin rama a hankali take shiga. Shi ya sa aka yi katin awo. Asalin wannan kati a ƙasarmu yake. Wani likita ɗan Ingila mai suna David Morley, wanda ya zo aiki asibitin Wesley Guild na Ilesha a 1956, shi ne ya tsara shi a garin Imesi-Ile, a cikin Jihar Osun ta yanzu. Ya kira shi katin hanyar lafiya, ya kuma nace a bar shi a hannun uwa, kada a kulle shi a ofishin asibiti. Daga can ya bazu zuwa ƙasashe masu yawa.

Karanta katin ba wuya. Duk ranar da aka auna yaro, ma'aikaci yana ɗiga alama. Idan aka haɗa alamomin sai layi ya fito. Layin da yake hawa, lafiya. Layin da ya miƙe a kwance wata biyu a jere, gargaɗi ne. Layin da ya sunkuya ƙasa, haɗari ne. Inda layin ya dosa ya fi inda yake tsaye muhimmanci. Ƙaramin yaron da layinsa yake hawa kowane wata ya fi ƙaton da nasa ya tsaya cak kwanciyar hankali. Don haka a kai yaro awo kowane wata, aƙalla har ya shekara, a ci gaba kuma a kai a kai har ya cika shekara 2. Kada a daina ranar da aka gama allurar rigakafi ta wata 9, gama daidai wannan lokaci ne yara da yawa suke fara zamewa.

Rama, tsumburewa da kumburi

Abin da muke kira tamowa yana da fuskoki uku. Ta farko rama ce, wato nauyin yaro bai kai na tsawonsa ba. Tana zuwa da sauri, bayan gudawa, ƙyanda ko yankewar abinci. Za a ga haƙarƙari a fili, fatar ɗuwawu ta yi yaushi ta saki.

Ta biyu tsumburewa ce, wato tsawon yaro bai kai na shekarunsa ba. Ita a ɓoye take aiki, wata da watanni, tun daga cikin ciki har shekara 2, abin da ma'aikatan lafiya suke kira kwanaki 1,000 na farko. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya sun tsumbure, a Jihar Kano kuwa fiye da rabi. Idan rabin yaran unguwa gajeru ne, ido yakan saba, har a ɗauka haka Allah ya yi su.

Ta uku kumburi ne. Ƙafafu su kumbura, fuska ta cika, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa, yaro ya zama mai yawan ƙunci. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta bayyana wannan ciwo a ƙasar Gana a 1933, sunan da likitoci suke kiransa da shi kuma, kwashiyoko, daga harshen Ga na mutanen Akara ne, yana nufin ciwon da yaro yake samu idan ƙanensa ya ture shi daga nono. Haɗarinsa shi ne ana iya ɗaukar kumburin a matsayin ƙiba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa, a ƙirga uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, a tafi asibiti a ranar.

Abin da yake kawo jinkiri kafin wata shida

A wannan lokaci kusan kullum maganar tana komawa kan shayarwa. Farkon abu shi ne daƙashi, nonon farko mai kauri da launin ɗorawa. A gidaje da yawa ana matse shi a zubar, a ba jariri ruwan ɗumi ko madarar dabba har nono ya yi fari. Wannan asara ce babba, domin daƙashi ne rigakafin farko na jariri. A sa shi a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa.

Na biyu shi ne ruwa. Ba mu musun zafin bazara a ƙasar Kano, kuma tausayi ne yake sa uwa ko kaka ta ba jariri ruwa. Amma kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Cikin jariri ɗan ƙarami ne. Duk cokalin ruwa ko jiƙo da ya shiga, ya tare wurin nono, ya kuma iya shigar da gudawa. Jaririn da ya rage tsotso, nonon uwarsa ma yakan ragu, gama tsotso ne yake kiran nono. Binciken 2018 ya nuna jarirai 29 kawai cikin 100 'yan ƙasa da wata 6 ake shayar da su nono zalla a ƙasar nan.

Na uku shi ne yadda jariri yake kama nono. Idan kan nonon kaɗai ya kama, uwa za ta ji zafi, shi kuma ba zai ƙoshi ba. Ya kamata bakinsa ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nonon. A bar shi ya gama da ɗaya kafin a juya shi, domin nonon ƙarshe ne mai maiƙo, shi ne yake sa ƙiba. A shayar da shi sau 8 zuwa 12 dare da rana. Alamar ƙoshi ita ce fitsari sau 6 ko fiye a yini, mara duhu.

Akwai kuma cire beli da wanzami yake yi a makon farko. Jaririn da aka yanka masa maƙogwaro yakan ƙi tsotso kwana da kwanaki, yakan zubar da jini, yana kuma iya kamuwa da cuta daga ƙarfen. Beli halitta ce, ba ya hana yaro girma.

Bakwaini da tagwaye sukan gaji kafin su ƙoshi. Irin waɗannan a riƙa tashinsu ana ba su, a tatsa nono a ƙaramin kofi mai tsabta idan tsotso ya gagara, a kuma ɗaure su a ƙirjin uwa fata da fata domin ɗumi. Wannan dabara an fara ta a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, ta kuma ceci jarirai masu yawa a wuraren da babu kwalabar ɗumama jarirai.

Abin da yake kawo jinkiri bayan wata shida

Daga wata 6 nono kaɗai ba ya isa, ko da yake har yanzu shi ne ginshiƙi. A nan ne layin katin yara da yawa yake kwantawa. Abin da aka saba ba yaro shi ne koko ko kunu tsararo na gero ko dawa. Cikin yaro ɗan wata 8 bai fi ƙaramin kofin shayi ba. Idan aka cika shi da ruwan koko, ya ƙoshi a ido, amma jikinsa bai sami abin gini ba.

Cututtuka ma suna da nasu kaso. Gudawa, zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda, tari da tsutsar ciki duk suna cinye abin da yaro ya tara. Yaron da ya rame yana saurin kamuwa, wanda ya kamu kuma yana ƙara ramewa, haka abin yake zagayawa. Yawanci mukan ɗora wa haƙori laifin gudawa. Gaskiyar ita ce lokacin fitar haƙori ya zo daidai da lokacin rarrafe, sa'ad da yaro yake kai duk abin da ya tsinta baki, a tsakar gidan da kaji da awaki suke kwana. Faɗawar maɗiga kuwa alamar ƙarewar ruwan jiki ce. Shafa mata magani ba ya ɗago ta. Ruwan gishiri da sukari da nono ne suke ɗago ta.

Wani lokaci dalilin yana ɓoye. Amosanin jini, wato sikila, yakan fara nuna kansa wajen wata 6 da kumburin hannuwa da ƙafafu mai zafi. Ciwon zuciya na haihuwa yana sa jariri haki da gumi a kan nono. Tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki su ma suna hana ƙaruwa. Idan abinci ya gyaru amma nauyi ya ƙi motsi, sai a nemi gwaji.

Yanayin nomanmu shi ma yana ciki. Wannan yanki yana daga cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Gonaki ƙanana ne, kowace gado sai ta ƙara tsagewa, ba a kuma barin ƙasa ta huta. Hatsin gidaje da yawa yakan ƙare kafin sabo ya nuna. Daga Yuli zuwa Satumba abubuwa uku suke haɗuwa: rumbu ya yi ƙasa, sauro da gudawa sun yi yawa, aikin gona kuma ya ɗauke uwa, a bar jariri a hannun yayarsa 'yar shekara bakwai. A waɗannan watanni ne ya kamata mu fi sa ido.

Sai kuma yayen gaggawa. Mace ta ga ta sami ciki, sai a ce yaron zai sha ciki, a raba shi da nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka. Yaro ya rasa nono da uwa a lokaci guda, ya ƙi cin abinci. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa, ta yaye a hankali, in dai tana cin abinci sosai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki.

Matakan girma

Kowane mataki yana da tazarar lokacinsa, tazarar kuma tana da faɗi. A cikin binciken da muka ambata an bi yara ana lura da motsinsu, aka sami cewa lafiyayyun yara suna zama da kansu tsakanin wata 4 da wata 9, suna tsayawa da dafa abu tsakanin wata 5 da 11, suna rarrafe tsakanin wata 5 da 13, suna tsayawa su kaɗai tsakanin wata 7 da 17, suna tafiya tsakanin wata 8 da 18. Kimanin yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe ba sam, suka tashi suka yi tafiya. Saboda haka yaron da ya yi tafiya a wata 10 da wanda ya yi a wata 16 duk lafiyayyu ne. Kada a sa wa uwa damuwa don ɗan kishiya ko ɗan facala ya riga nata.

Ban da motsi, akwai gani, ji da hulɗa. Wajen wata 2 jariri yakan yi wa uwarsa murmushi, ya bi fuska da ido. A wata 3 zuwa 4 wuyansa yakan tsaya. A wata 6 yakan miƙa hannu ya kama abu, ya juya wajen murya. A wata 9 yakan yi gwaranci, ya san baƙo. Wajen shekara 1 yakan fara kalmar farko, ya nuna abu da yatsa. A shekara 2 yakan haɗa kalma biyu, kamar ya ce a ba shi ruwa.

A nemi ma'aikacin lafiya idan jariri bai yi murmushi ba a wata 3, ko wuyansa bai tsaya ba bayan wata 4, ko bai zauna ba bayan wata 9, ko bai yi tafiya ba, ko bai furta kalma ko ɗaya ba a wata 18. Haka kuma idan ba ya firgita da ƙara, ko jikinsa ya cika sanƙarewa ko saki, ko yana amfani da gefe ɗaya kawai. Abin da ya fi duka gaggawa shi ne yaro ya rasa abin da ya riga ya iya. Ga bakwaini, a cire makonnin da ya rage bai cika a ciki ba kafin a ƙirga masa, har ya kai shekara 2.

Ta yaya nauyi ya shafi waɗannan matakai? Zama da tafiya aikin tsoka ne, tsoka kuma abinci take bukata. Ƙwaƙwalwa ma ba ta da lokacin da take girma da sauri kamar shekaru biyun farko. Yaron da ba shi da ƙarfi ba ya wasa, ba ya neman abu, manya kuma sukan yabe shi cewa ba shi da rigima, su rage yi masa magana. Ƙarancin jini yana ƙara wannan sanyin jiki. Amma ba kowane jinkiri ne daga abinci yake ba. Doguwar naƙuda, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, da zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa suna iya barin tabo. Irin waɗannan yara suna amfana ƙwarai idan an fara yi musu gashin ƙashi da motsa jiki da wuri.

Abin da za mu yi a gida

Abincin da yaro yake bukata yawancinsa a gonarmu yake. Kanon da ta yi dalar gyaɗa bai kamata 'ya'yanta su rasa gyaɗa a kunu ba. Kunun yaro ya yi kaurin da zai zauna a cokali ba ya zuba. A sa masa tunkuza ko garin ƙuliƙuli, ko cokalin man gyaɗa ko manja. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya suke koyarwa da sunan Tom Brown: awo 6 na gero, dawa ko masara, awo 3 na waken soya, awo 1 na gyaɗa, a soya kowanne dabam, a cire wa waken ɓawo, a haɗa a niƙa. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, gama tana da dafi mai cutar da hanta.

A ƙara da wake da aka dafa ya yi laushi, alala, kabewa, dankalin Hausa, zogale, kuka, alayyafo, garin busasshen kifi, hanta, mangwaro da gwanda. Ƙwai yana daga cikin mafi amfani. Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata ba ta da tushe. A damina ƙwan zabi yana da yawa. Kafin a kai kasuwa, a cire na yaro. Zuma kuwa kada a ba yaron da bai shekara ba.

Daga wata 6 zuwa 8, a ba shi sau 2 zuwa 3 a yini, a fara da cokali 2 ko 3 a riƙa ƙarawa. Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 zuwa 4, rabin kofi kowane ci. Daga shekara 1 zuwa 2, sau 3 zuwa 4 da ɗan abin taɓawa a tsakani, tare da nono har shekara 2. A zuba masa a kwanonsa. Idan aka haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe. A zauna a ba shi da haƙuri. Ɗura, wato toshe hanci a zuba kunu, tana iya tura abinci cikin huhu. Lokacin ciwo kada a daina ba da nono da abinci, bayan ya warke kuma a ƙara masa ci ɗaya a yini har mako 2.

A wanke hannu da sabulu ko toka kafin ba da abinci da bayan wanke wa yaro kashi. A shimfiɗa masa tabarma nesa da turken dabbobi. Ya kwana cikin gidan sauro. A kammala rigakafi: ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, wata 9, da wata 15. A karɓi ɗigon bitamin A kowane wata 6 daga wata 6, da maganin tsutsa daga shekara 1, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida gida kowane wata a damina ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5. Idan gudawa ta zo, a ba da ruwan gishiri da sukari na fakiti tare da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14.

Wasa ma abinci ne ga ƙwaƙwalwa. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a tsakiyar shekarun 1980, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu aka riƙa ziyartar gidajensu kowane mako har shekara 2, ana koya wa iyaye mata wasa da hira da yaro, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa haka suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Goyo yana da kyau, amma a riƙa sauke yaro ya motsa. A kira sunansa, a yi masa tawai, a amsa gwarancinsa, a ba shi ludayi da ƙoƙo ya buga.

Lokacin zuwa asibiti

A tafi nan take, ko dare ne, idan yaro ya kasa tsotso ko sha, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko numfashinsa yana sauri ƙirji yana faɗawa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura.

Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5 akwai tef mai launi uku da ake auna tsakiyar damtse da shi. Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya. Ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, yana bakin rami. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. A Mirya ta jihar Damagaram an koya wa iyaye mata amfani da wannan tef, aka ga suna gane ramar 'ya'yansu da wuri, ko da ba su yi karatu ba.

Tamowa mai tsanani tana da magani. Shi ne haɗin gyaɗa, madara, mai, sukari da sinadarai da ake bayarwa a ƙaramin fakiti, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara da shi, yawancinsu a jihar Maraɗi, akasari kuma a gidajen iyayensu. A Nijeriya an fara irin wannan shiri a 2009. Uwa tana karɓar na mako, ta koma awo, yawanci cikin mako 6 zuwa 8 yaro ya farfaɗo. Magani ne na yaro ɗaya. Raba shi da sauran yara ko sayar da shi cin amanar mara lafiya ne. Yaron da ya ƙi ci, ko yake da wani ciwo a kai, sai an kwantar da shi. A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ko babban asibitin Bichi ko na Ɗambatta. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Kano, inda akwai asibitin yara na Hasiya Bayero, asibitin Murtala Muhammad da asibitin koyarwa na Aminu Kano.

Hakkin maigida da na jama'a

Sau da yawa uwa ce take shan zargi, alhali ba ita take riƙe da mabuɗin rumbu ba. Maigida ne yake yanke nawa za a sayar da kaka, nawa za a ajiye. Kafin a ɗora wake da gyaɗa da waken soya zuwa Dawanau, a ware rabon yara da na mai shayarwa wanda zai kai su ƙarshen damina. Wanda zai tafi cin rani ya bar kuɗin mota da izinin zuwa asibiti, kada a zauna jiran dawowarsa yaro yana narkewa. Mai jego kuma tana bukatar abinci da hutu fiye da kunun kanwa. Macen da baƙin ciki ya danne ta bayan haihuwa, ba ta barci, ba ta jin daɗin komai, taimako take bukata. Faɗa ba zai ƙara mata nono ba.

Kakanni mata suna da iko a ɗakin jego, saboda haka duk koyarwar da ta tsallake su ba za ta shiga gida ba. Mu gayyace su da ladabi, mu ji abin da suka sani, mu nuna musu katin.

Abu na ƙarshe, mu kiyaye harshenmu. Idan yaro ya rame ko ya yi jinkirin tafiya, kada mu nuna wata tsohuwa da yatsa mu ce mayya ce, kada kuma mu ce wa iyayen alhakin wani ne yake binsu. Irin wannan magana tana raba dangi, tana sa uwa ta ɓoye ɗanta a ɗaka don kunya, lokaci kuma yana wucewa. Mu yi wa yaron addu'a, mu kuma raka uwarsa asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya. Yaron da ya tashi da nakasa ɗanmu ne, a fito da shi cikin jama'a.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ƙungiyar mata tana iya neman ma'aikaciyar lafiya ta zo ta koyar da awon damtse da haɗa garin kunu, a kuma zaɓi mata biyu ko uku da za su riƙa leƙa gidajen masu goyo, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Tambayar da za su yi gajeriya ce: ina katin yaron, yaushe aka auna shi, ina layin ya dosa? Idan ya kwanta wata biyu, kada a jira na uku.